Kitson Mai Aski

Shagon mai askin layinmu kujera ɗaya ce da madubi mai tsaga, kuma tun da na san shi aski ɗaya ya iya: ka zauna, ya kwashe komai. Shi ya sa muke ce masa Tal-kwabo. Bai taɓa aure ba, wai mata sun cika surutu, alhali shi ko da loma a baki ba ya yin shiru.

Da ƙanwarsa da mijinta suka rasu a hatsarin mota, shi ya ɗauko 'yarsu, 'yar aji ɗaya. Wanka, wanki, rakiya makaranta, duk bai gaza ba. Sai ranar da gashinta ya cukurkuɗe, mataji ya ƙi shiga, tana ta kuka. Bawan Allah ya yi abin da ya sani. Na leƙo daga shagon ɗinkina na ga kan yarinya yana sheƙi, saura kaɗan in jefe shi da almakashi.

Goggon yarinyar, yayar ubanta, ta ɗauki hoton kan ta kai kotu, tana neman a ba ta riƙo. Tsakani da Allah tana da hujja. Aka sa ranar zama can gaba, Tal-kwabo ya bi ya rame. Ya sayo abin goge ɗaki mai igiyoyi yana koyon kitso a kai. Wani direba ya yi gyangyaɗi a kujerar aski, ya farka da kalaba biyu a gemu. Da gashin yarinyar ya tofo na ce ya kawo ta in kitsa mata.

"A'a, maƙwabciya. Alƙali zai tambayi wanda ya yi, ni kuwa ban iya ƙarya ba."

Ranar zama na raka su. Layi ɗaya na kitson ya nufi kunne, ɗaya ya ɓace a hanya. Alƙali ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"Yarinya, wa ya yi miki wannan?"

"Kawu."

"Da zafi?"

"Sosai. Shi ma sai da ya yi kuka."

Goggo ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ai ka gani da idonka!"

"Zauna, baiwar Allah. Yarinya, wurin wa kike son zama?"

"Wurin Kawu. Amma a hana shi taɓa kaina."

Haka kuwa aka yanke: riƙo na Kawu, kai na Goggo, duk ƙarshen mako.

A bakin kotu Tal-kwabo ya zauna a matakala. Goggo ta jawo yarinyar ta hau tsefe kitson nan take, tana tsaki.

"Riƙe mata hannu mana, sarkin ɓarna, ba ka ga tana jin zafi ba?"

Ya riƙe. Ni dai na yi kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba.