Shanun Yaya da Yaƙin Jamus

Mun tashi daga Gazawa da asuba, ni da Kawu, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Jamus. Inna ce ta aike mu garin Sae Sabuwa mu ɗauko Yaya. Shekara ta biyu ke nan babu ruwa, makiyaya duk sun gangara kudu, shi kuwa ya kafe da iyalinsa da shanu bakwai da Baba ya bari.

Motar da muka shiga ta fi mu jin yunwa, sau uku muna tura ta kafin Cadawa. A kasuwa tiyar gero, kwanon awo guda, ta fi akuya tsada, mata na jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci a tukwane don a samu na ci. Daga nan muka hau amalanken jaki. Rana ta take, ƙasa ta yi fari fat har ta haɗe da sama, na riƙa ganin tafki a gaba, muna matsawa yana gudu. Kawu ya lumshe ido ya ce haka ƙanƙarar Turai take, sanyi kawai ya bambanta su. Ina gyangyaɗi yana ba ni labarin tankokin yaƙin Jamus da suka tarar a yashe babu mai, dawakai na jan igwa. Har na soma ganinsu tsakanin ƙaya.

Mun iske Yaya da wani Bafillace maƙwabcinsa sun zura sanda ƙarƙashin farar saniyar Baba suna ɗaga ta, don yunwa ta hana ta tashi. Zuciyata ta karye.

«Kawu, Baba ya ce kada in bar rijiyar nan,» in ji Yaya.

Kawu ya zauna kan turmi. «Ɗana, Jamus sun fi kowa makami. Suka tsokani gabas ba su gama da yamma ba, suka yi nisa har abinci ya kasa cim musu. Wani sojansu da muka kama ya gaya mani, a ƙasar Rasha manyan soja sun roƙi a ja da baya, shugabansu ya hana. Suka cinye dawakansu, sannan sanyi ya cinye su. Ubanka da damina ya yi maka wannan magana.»

Yaya ya daɗe yana kallon rijiyar. Washegari aka yanka farar saniya, muka koro shida. Kwana biyar muna tafe a ƙasa, biyu suka kwanta a hanya ba su tashi ba. Bafillacen ya riga ya faɗa mana cewa da mako biyu da suka wuce muka taso, da duk sun kai.

Tafiyar ta koya mani cewa ja da baya ma yana da lokacinsa, mu kuma mun kusa makara. Da muka shiga gida Yaya ya sunkuyar da kai, ya soma yi wa Inna bayanin shanu. Ba ta saurare shi ba. Jikokinta take shafawa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan na biyar, ta ce sun cika.