Gishiri a Ƙafar Kwaɗo

Duk sanda ruwan farko ya sauka a Samaru, kwaɗi suka fara kuka a kududdufi, sai in ji abinci ya fita raina. Bari in gaya maka dalili.

Kawuna ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje, inda ɗalibai ke koyon yadda jiki ke aiki. Mutum ne mai ilimi da baƙin baki. Da damina mu yaran gida muke kamo masa kwaɗi a bokiti. Ƙanwata kuwa tana da farfaɗiya. Kaka ta ware mata kofinta da kwanonta, wai yawunta na yaɗa cutar. A shekarar ta yi wata biyar ba ta faɗi ba, har yaran layinmu sun fara yarda ta shiga wasa. Ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, Kawu ya tara mu a tsakar gida. Ya feɗe ƙafar kwaɗo, ya shimfiɗa a faranti, ya barbaɗa gishiri. Ƙafar da ba ta da gangar jiki ta hau harbawa. Ya ce jijiya kamar ɗaki ce mai siririn bango: gishiri a waje, wani sinadari irin na toka a ciki. Kullum jiki na kwashe gishirin da ya kutsa yana fitarwa, wannan bambancin shi ke riƙe wutar lantarki a jijiya. In ƙananan ƙofofin da ke jikin bangon suka buɗe, gishiri ya afka ciki, wuta ta gudu, nama ya motsa. Har yau ban ji wanda ya bayyana shi da kyau haka ba.

Sai ya nuna farantin da wuƙa, ya dubi ƙanwata.

"Ga 'yar'uwarki nan. Ke ma haka kike yi."

Kowa ya yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Kafin la'asar yaran layi sun raɗa mata suna Kwaɗo. Ni kuma, don in burge su, na ɗebo gishirin Mama, na same ta tsugune a gaban murhu, na watsa mata a kai, na ce ta yi mana rawa. Ta yi ta kuka har ta sandare, ta faɗi, hannunta na dama cikin garwashi. Kaka ta riƙe ni, ta ce kada wanda ya taɓa ta. Kawu ya san sarai yawu ba ya yaɗa komai, amma yana tsaye da farantinsa. Sai da Mama ta rugo daga ɗaki aka janye ta. Ba ta sake fita wasa ba.

Yanzu ina koyar da wannan darasin a wata sakandare a Sabon Gari, da zane a allo, babu kwaɗo. Kawu da Kaka sun rasu. Ƙanwata na zaune a unguwar Palladan, tana shan magani, tana ɗinki da hagu. Ba mu taɓa tada maganar ba. In na je takan yi mini miya mai kyau, amma lami. Bara na yi ƙarfin hali na ce ta manta gishiri. Ta turo mini gwangwanin gishiri da dungulmin hannunta na dama.

"Zuba da kanki, Yaya. Ai kin iya."