An Sallamo Ni Ba Allura

Har yau idan na tuna shekarar da na dawo daga asibiti hannu rabbana, sai raina ya ɓaci. A lokacin ina koyarwa a firamare a garinmu Ƙofa, tsakiyar shekarun casa'in. Da kunnena na hagu abin ya fara. Yaro ya yi magana ta wannan ɓangaren, in ga bakinsa na motsi, in ji rabi in rasa rabi. Sai wata ƙara ta tare a ciki, kamar gyare ya shige ɗaki ya ƙi fita. Wani lokaci in miƙe daga tabarma, ƙasa ta ɗan juya da ni.

Aka yi ta tura ni daga wannan asibiti zuwa wancan, har na kai wani babba mai nisa, inda aka cusa kaina cikin na'ura aka ɗauki hoto. Likitan ya ce ƙari ne ya fito a jijiyar da ke kai ji daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Ba ciwon daji ba ne. Ƙarami ne, kuma irinsa kan yi shekaru bai motsa ba. Idan aka buɗe kai don a cire shi, ana iya taɓa jijiyar fuska, baki ya karkace, sauran jin ma ya tafi. Shawararsa a zuba masa ido, in riƙa komawa duk wata shida.

Na ce, "To magani fa, likita?"

Ya ce, "Babu abin da za ka sha."

"Allura fa?"

Ya girgiza kai.

Na fahimce shi, kuma ban ce ya yi kuskure ba. Sai dai shi ba a garinmu zai kwana ba.

A wurinmu, idan mutum ya je babban asibiti ya dawo ba ƙwaya ba allura, fassara ɗaya ake yi: likitoci sun gaza, sun sallamo shi ya zo ya cika a gaban danginsa. Kafin in cire takalmi labari ya zaga gari. Washegari zaurena ya cika da 'yan dubiya. Ni da na je makaranta na dawo da ƙafata, ga alli a hannuna, sai in tarar da dattawa sun jeru suna kallona da ƙasan ido. "Sannu, Malam. Allah ya sa kaffara ne." In yi bayani har maƙogwarona ya bushe, su yi ta gyaɗa kai, a tashi a ce mini in yi ta haƙuri, duniya ce.

Daga nan aka shiga neman yafiya. Wani maƙwabcina da jakinsa ya taɓa cinye mini dawa, muka yi shekaru gaisuwa sama-sama, ya zo ya durƙusa yana hawaye wai in yafe masa kafin lokaci ya ƙure. Na ce na yafe, amma ya ɗaure jakin, don bana ma zan yi shuka. Ya fita yana gaya wa mutane ciwon ya fara taɓa mini hankali.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da suka yi wa mahaifiyata. Inna tana zaune a gidana tun rasuwar mahaifinmu, tsohuwa mai son tuwon dawa da miyar kuka, wadda ba ta taɓa barin loma a kwano ba. Mata suka yi ta shiga ɗakinta suna ba ta haƙuri, kowace da labarin wani da aka sallamo haka bai kai girbi ba. Suna ganin zumunci suke yi. Inna ta daina cin abinci. A kai mata tuwo, a ɗauko shi ya sandare. Sai ɗan kunu, shi ma da lallashi.

Na zauna gabanta na maimaita mata maganar likita tiryan-tiryan. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ciwon da likita ya gani da idonsa ya ƙi taɓawa, kai kake gaya mini ba komai ba ne? Ni na haife ka fa."

Ni kaina ba wai hankalina a kwance yake ba. Kullum da safe sai na tsaya gaban madubi na yi murmushin dole, in ga ko baki ya fara karkacewa. In murza yatsu kusa da kunnen, in ji ko abin da na ji jiya yana nan. Ciwon kai na yau da kullum ya zo, sai in ce shi ke nan, ƙarin ya girma. Ina yawo da abu a cikin kaina, an ce kada in taɓa shi, kada kuma in manta da shi. Wa zan gaya wa? Duk wanda na buɗe wa baki sai ya fara yi mini addu'ar cikawa da imani.

Da lokacin komawa ya yi na tafi. Aka duba, likita ya ce bai ƙaru ba. Na hau motar dawowa ina jin kamar in rungume kwandasta. Ina shiga gida na wuce ɗakin Inna na yi mata albishir. Ta ɗago daga kwance, duk ta zube, zanen ma ya yi mata yawa.

"Sun ba ka magani?"

"A'a, Inna, ai ba ya buƙata."

Ta kamo hannuna ta ce, "Duk abin da na yi maka tun kana yaro, ka yafe mini."

Uwa ke neman yafiyar ɗanta! Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na fito tsakar gida ina jin haushin matan gari, da likita, da kunnen, da ita kanta Inna da ta gwammace maganar kowa a kan tawa. Na gane idan na ci gaba da faɗin gaskiya, ita za a fara ɗauka kafin ni.

Ranar kasuwa na tafi Bebeji wurin wani tsohon malamin asibiti da ya buɗe kemis. Na ce ina son allurar da ba ta cutarwa, ko ba ta maganin komai. Ya dube ni ya ce akwai ta ƙarin kuzari. Na ce ita nake so, amma a gidana za a yi. Na goyo shi a babur.

Na sa aka shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakin Inna. Aka tafasa allurar a ƙaramar tukunya tana kallo. Na ce mata daga babban asibiti aka aiko shi. Na naɗe hannun riga, ya soka, na yamutsa fuska na yi ƙara fiye da zafin da na ji. Ni malamin makaranta, mai dukan yara a kan ƙarya.

Inna ta tashi zaune. Ta ce, "Alhamdulillahi." Ta sake cewa. Sai ta leƙa wajen murhu ta tambaya ko akwai sauran tuwo.

Kafin la'asar gari ya ji an fara yi wa Malam magani. Zaure ya koma wayam. Ƙarin yana nan inda yake, tsorona yana nan, ga shi yanzu ko a gidana ba ni da damar nuna shi, tunda ni mai samun sauƙi ne.

Na zauna ina kallonta tana ci. Ta share kwanon tas, ta suɗe yatsu, ta dube ni ta ce, "Ka gani ko? Da tun farko sun yi maka haka, da ban sha wannan wahalar ba."

Na ɗauki kwanon. Na ce, "Haka ne, Inna. A ƙaro miki?"