Ranar da aka tura ni Legas ina zaune a ɗakina

Shekarun baya, azumin da ya biyo bayan rasuwar maigidana, shekarar da ruwa ya kada katangarmu ta Ƙofar Kaura, jikata ta samu aiki a wani kamfani mai kai wa mutane tafsiri ta waya. Gwaji aka ɗauke ta. An ce mata in ranar rufe tafsiri ta wuce lafiya, ta zauna. In an samu matsala, ta koma gida.

Ni ban yi boko ba, amma kunnena ba ya zubar da magana. Ta ce suna da manyan na'urori a Katsina, Kano da Legas, kowa ya buɗe waya sai a haɗa shi da wadda ta fi kusa da shi.

Ranar, bayan la'asar, muna tsakar gida da maƙwabciyata muna saurare, kowa da wayarta, sai muryar Malam mai tafsirin ta fara tsinkewa. Jikata na ɗakina da kwamfuta a cinya. Jama'a sun yi wa na'urar Katsina yawa, tana shirin faɗuwa. Oganta ya kira ta a waya, ina jiyo shi: "Kwashe su duka ki kai Kano!"

"Ranka ya daɗe, in na juye su lokaci guda, ta Kano ma faɗuwa za ta yi. Kaɗan-kaɗan zan raba."

"In aka fara addu'a babu murya, kada ki dawo ofis!"

Na leƙa, tana ta danna kwamfuta. Na ce, "Ke 'yar nan, bi maganar na gaba mana!"

"Hajiya, don Allah ki fita."

Ni aka kora daga ɗakina! Na fito ina cika ina batsewa. Wayata ta yi tsit. Can sai murya ta dawo tas. Amma maƙwabciyata sai ta shafa addu'a ta ce amin, ni tawa wayar ba ta kai wurin ba.

Da na tambaya, jikata ta ce ai ina cikin waɗanda ta tura na'urar Legas, mai nisa, shi ya sa muryar ke iso mini a makare. "Wani sai ya jira, Hajiya. Gara nawa ya jira."

Ta zauna a aikin. Malam ya rasu, maƙwabciyata ma ta riga mu. Saura ni da ita, kuma har yau ba ta ba ni haƙuri ba.