Gumin Firji da Wandon Liman

A ƙarshen shekarun casa'in, mu huɗu muka yi hayar wata mota mai gadaje da ɗan firji a ciki, muna zagaya masana'antun bayan Guangzhou da ita. Uku Kanawa ne, na huɗun wani dattijo ne daga zangon Kumasi mai tura kaya gida. Shi ke jan mu salla. Ni kuwa haushinsa nake ji kamar in mutu, don komai na yi sai ya gyara mini a gaban mutane, har riƙon buta.

Lokacin laimar garin ne, bango ma gumi yake yi. Robar ƙofar firjin ta saki, sanyi na tserewa, ruwa na taruwa a bakin ƙofar yana ɗiga ƙasa. Kallo ɗaya na yi na gane, ai shekara bakwai na yi ina gyaran firji a Sabon Gari. A gasa robar da ruwan zafi, a goge, a shafa mata basilin, a rage buɗe-buɗe, shi ke nan fa. Na ja bakina na yi gum.

A gindin firjin dattijon ke shimfiɗa ya yi ƙailula. Rannan ya tashi da la'asar, bayan wandonsa sharkaf. Ya shafa, ya sunsuna hannunsa.

Na ce, "Baba, lafiya? Ko tsufa ne ya fara halinsa?"

Ya ce, "Ruwa ne, yaro. Ba wari."

"Ai fitsarin tsofaffi ba ya wari. Haka kakana ya fara."

Ƙarya nake wallahi, kakana lafiyarsa lau har ya bar duniya. Sauran biyun suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Muka yi masa tayin gado, ya ƙi, wai kada ya ɓata katifar mutane. Ya ci gaba da kwanciya inda ruwan yake. Kwana uku a jere yana tashi a jiƙe, sai babban cikinmu Kanawa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, salla ba a yi mata kara." Ya koma sahun baya. Ya daina shan ruwa da rana, leɓensa duk ya tsattsage. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Da muka dawo unguwar Xiaobei a cikin Guangzhou, ya ja ni gefe, ya ce tun da ina ɗan jin yaren mutanen garin, in raka shi kantin magani ya sayi ƙunzugun tsofaffi. Na raka shi. Na yi wa mai kantin bayani da ƙarfi, ina nuna wandonsa da yatsa, har 'yan matan kantin suka leƙo.

A bakin ƙofa ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗana, don Allah kada maganar nan ta kai wa iyalina. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini."

Na ce, "Amin, Baba."