Ƙwan Mama Talatu da injina ya dafa

Jama'a, yau Bitrus ya ƙwace mini kwastoma a kan idona, da kalma ɗaya tak!

Kun san injin ƙyanƙyasar ƙwai da na haɗa wa Mama Talatu mai kaji, can hanyar Ribah? Ɗazu ta kira ni: "Ɗana, zo ka ga aikinka." Na hau mashin, na iske ɗakin kamar gidan burodi. Hitar da ke ɗumama injin na ta aiki, ƙwai duk sun dahu!

Ina tsaye ina zufa sai ga Bitrus, wanda muka koyi aikin nan tare, wai ya zo sayen kaza. Ya leƙa kwamfutata da na buɗe ina duba shirin da ke sarrafa injin, ya nuna wata kalmar Turanci ya ce, "Abokina, unsigned ka sa a nan?"

Ashe ga matsalar. Na tsara injin ya riƙa cire zafin ciki daga zafin da ake so, in da saura sai ya kunna hita. Da rana ta take, zafin ciki ya zarce wanda ake so, amsa ta faɗi ƙasa da sifili. Shi kuwa unsigned, nau'in lambar da na zaɓa a shirin, bai san ƙasa da sifili ba, sai ya juye ya zama dubu sittin da biyar da wani abu. Injin ya zaci sanyi zai kashe ƙwai!

Bitrus ya goge kalmar, ya sake loda shirin, hita ta tsaya. Mama ta rangaɗa guɗa: "Injiniyan gaske ya zo!" Ni da na ƙone yatsu wajen haɗa wayoyin fa?

Ta ba shi aikin inji na biyu, ta ƙara masa da zakara. Ni kuwa ta miƙo mini ƙwan a leda: "Ɗana, ka sa yaji."