Ranar da na zubar da mai a kayan Baba

Wata Laraba ce cikin bazarar 1974, makonni kaɗan bayan sojoji sun karɓi mulki. Ina shekara tara, ɗauke da kwanon man gyaɗa da na samo a layin rabon abinci bayan tsayuwa tun fitowar rana. Gudu nake yi, don ƙawayena na jirana a bakin lakwal, wato makarantarmu, mu yi ƴar gala-gala kafin a kaɗa ƙararrawa. Ni dama ba a san ni da tafiya a hankali ba, Inna kan ce, "Azara, ƙafarki ta riga hankalinki isa ko'ina." Na faɗa ɗaki daga hasken rana, idona bai washe ba, na yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Kwanon ya karkace. Man ya sauka a gaban farar rigar Baba da ke shimfiɗe bisa tabarma, ya gangara kan takalminsa na ƙafar dama.

Baba falke ne, mai bin ayarin gishiri zuwa Bilma. Fari ya cinye raƙumansa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba shi da aiki sai zama a zaure yana murza igiyar da babu abin ɗaurewa da ita. A makon nan aka ce ofishin farfe, wato gwamnan jiha, na neman mutanen da za su yi aiki a sansanin makiyayan da suka kwararo bayan gari. An rubuta sunansa, aka ce ya zo da la'asar. Rigar nan ita kaɗai ta rage masa ta fita kunya, sauran an sayar an sayi hatsi. Takalmin kuwa sau-ciki ne na fata, ruwan ƙasa mai haske, wanda sai Sallah yake fitowa daga jaka. Da safe Inna ta goge su ta ajiye, shi kuma ya tafi wurin wanzami ya yi aski, daga can sai masallaci.

Inna ba ta dake ni ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Ta dubi rigar, ta leƙa tsakar gida ta dubi inuwar katanga don ta san lokacin da ya rage mana, sannan ta shiga kai da kawo. Dusa ce aka sani tana tsotse mai daga tufafi, amma a shekarar nan dusa abinci ce. Ta barbaɗa toka, tabon ya koma baƙi-baƙi, ta karkaɗe da sauri tana salati. Sai na tuna da guntayen allin da nake tsincewa ƙarƙashin allon mushe, malaminmu, don zana gidajen wasa. Na zazzage su daga ɗaurin zanena, na daka a turmin yaji. Inna ta lulluɓe tabon da garin, ta yage takardu daga kayena, littafin lissafi, ta rufa a kai, ta bi da dutsen guga mai garwashi. Takarda ta jiƙe da mai, a canza wata, ta jiƙe, a canza. Ni ke fifita garwashin, ina leƙa zaure duk sanda na ji motsi, ina komowa, na kasa tsayawa wuri ɗaya.

Saura wanki, ga shi tulu ɗaya muke samu a yini daga pampon unguwa, kuma an riga an sha rabi. Inna ta auna ƙwarya biyu, ta jiƙa kanwa, ta goga ɗan guntun sabulu a wurin tabon kaɗai, ta cuɗa, ta ɗauraye cikin kwano don kada ɗigo ya faɗi ƙasa. Rana irin ta Agadas ba ta ɓata lokaci. Kafin mu juya rigar ta bushe a kan igiya. Sai wanda ya san wurin zai ga ƴar inuwa kusa da aljihu.

Takalmin ne ya gagara. Fatar ta shanye man, tabo kamar tafin hannu ya zauna daram a gaba. Alli bai yi komai ba. Inna ta ɗauko ruwan kanwa, sai ta fasa, ta ce in ruga in kira Gaisha, matar maƙeri da ke bayan gidanmu, mai ɗinkin jakunkunan fata. Gaisha ta zo hannunta jajir da rini, ta juya takalmin, ta shinshina.

"Kanwa ƙone shi za ta yi, Maman Azara," in ji ta. "Man da ya shiga fata ba ya fita. Ki shafe su duka biyun da sauran man, launi ya zama ɗaya."

Muka dubi kwanon. Abin da ya rage a gindinsa bai fi cokali uku ba, shi ne man miyarmu har rabo na gaba. Ladan ya kira azahar. Inna ta tsoma tsumma ta miƙo mini ƙafar hagu, ita ta riƙe ta dama. Muka yi ta murzawa har takalman suka koma launin dabino, suna ƙyalli.

Baba ya shigo, ya sa riga, ya zura ƙafa, ya ɗan dubi ƙasa, ya fita. Ni kuwa ban je lakwal ba, ban kuma iya zama ba. Na share tsakar gida sau biyu, na hau soro ina hangen hanya, kamyon sojoji, babbar motarsu, ya wuce, gabana ya faɗi, na sauko, na sake hawa. Gab da magariba ya dawo, takalman sun yi butu-butu, don mai ya kama duk rairayin da ya taka. An ɗauke shi. Ya ce sojan da ke ɗaukar ma'aikata ko ƙafarsa bai duba ba, tambaya ɗaya ya yi masa: ya iya yaren Buzaye? Ya ce da shi ya girma.

Da aka kawo tuwon jar dawa da miya fara fat ba ɗigon mai, na fashe da kuka na faɗi abin da na yi. Baba ya dubi takalman a bakin tabarma, ya dubi kwanon.

"Ashe da miyarmu na je gaban farfe," ya ce, ya yi dariyar da rabon mu ji ta tun mutuwar raƙumin ƙarshe. Muka kwana da ƙishirwa, amma a ƙarshen watan buhun hatsi ya shigo gidan.

Yau pampo na cikin gidana, garin sabulu ko'ina ana sayarwa, jikokina kuma in riga ta yi tabo sai su cusa ta ƙasan akwati su manta. Ba na yi musu faɗa, ba kuma na fatan su san yunwar nan. Sai dai Inna da Baba da Gaisha duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma rabona da ganin mutum uku durƙushe kan takalmi ɗaya, kowa ransa a kai, na manta. Wahalar ta wuce, amma ta tafi da mutanenta.